Wai sai an sha ƙwallaye wasa yake daɗi? Amsa ga wani ƙanena na Gombe

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Gombe ne, a Pantami nake zaune. Ranar Asabar a gidan kallo na ce ni wallahi na fi jin daɗin in je fili in kalli Gombe United ko Doma United a kan in zauna kallon Firimiyar Ingila, na kuma ce wasan da aka tashi babu ci yana iya fin wanda aka sha biyar daɗi. Sai aka yi min ca, wani ya ce ban san ƙwallo ba, wani ya ce ƙauyanci ne ke damuna. Tunda kai ka daɗe kana busa wasa kuma kana horar da yara, don Allah mene ne ainihin abin da yake sa wasa ya cancanci a kalle shi? Ni ne na kauce hanya ko su ne?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka. In na fahimce ka daidai magana biyu ka haɗa a wuri ɗaya, ɗaya a kan yawan ci, ɗaya a kan ƙwallon gida da ta waje, amma duk jijiyarsu ɗaya ce, wato me mutum yake nema in ya bar sana'arsa ya zauna awa biyu yana kallon wasu suna gudu. Ni na fara riƙe usur tun Gombe tana cikin jihar Bauchi, kafin a raba mu a 1996, na yi sama da shekara ashirin ina busa wasannin unguwanni da na makarantu da ƙananan lig, yanzu kuma da gudu ya gagare ni sai na koma horar da yara 'yan ƙasa da shekara 15 a nan Bauchi. To duk tsawon wannan lokacin abin da na gani yana riƙe mutum a kan benci shi ne bai san yadda za ta ƙare ba, kuma ƙarshen ya dame shi. Shi ke nan fa. In ka cire ɗaya daga cikin biyun nan wasa ya mutu, ko da kuwa taurarin duniya ne gaba ɗaya a cikin filin. Ba ka kauce hanya ba, amma akwai inda abokanka suke da gaskiya kuma zan zo wajen, don ba zan ɓoye maka ba.

Yawan ci

Duk mai cewa ƙwallaye su ne daɗin wasa, ka tuna masa abin da ya faru a nan garin Bauchi a watan Yulin 2013, lokacin wasannin neman haurawa na ƙaramin lig. Ƙungiyoyi biyu makinsu ya zo daidai, sai yawan ƙwallaye ne zai raba su, ana buga wasanninsu lokaci guda a filaye biyu. Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Bubayaro 67 da nema. Ƙwallo 146 a yammaci ɗaya, kuma kusan dukkansu bayan an dawo hutun rabin lokaci aka zuba su, don kafin a tafi hutu 7 ne a can, 6 a nan. Duniya ta yi ta yi mana dariya, hukumar ƙwallo ta ƙasa ta kori 'yan wasan har abada, ƙungiyoyin kuma aka dakatar da su shekara goma. To ina daɗin? Ai da yawan ci ne ma'auni da waɗannan su ne wasannin da suka fi kowanne daɗi a tarihi. Ba wanda yake tuna su sai da kunya, saboda an riga an san ƙarshen kafin a busa.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne wahalar cin ita ce ta ba ƙwallon ƙafa daraja. A manyan gasanni wasa ɗaya bai cika wuce ƙwallo biyu zuwa uku ba in aka yi lissafin tsaka-tsaki, kuma wannan ƙarancin shi ne yake ba ƙaramin kulob damar ya kayar da babba, tunda kuskure ɗaya tak ya isa. Kamaru ta ci Ajantina mai Maradona 1 da nema a 1990 kuma da mutum tara ta ƙare wasan. Senegal ta ci Faransa mai riƙe da kofi a 2002, Saudiyya ta ci Ajantina 2 da 1 a 2022. A wasan da ake zuba maki ɗari kamar ƙwallon kwando, wanda ya fi ƙarfi yana da dama da yawa ya gyara kuskurensa, shi ya sa ba a cika samun irin wannan ba-zatan ba. A ƙwallon ƙafa kuwa kowace ƙwallo da aka ɗaga cikin da'irar gola tana iya zama ita ce, shi ya sa za ka ga dattijo da furfurarsa ya miƙe tsaye don kawai an samu kwana.

Sannan tsare gida shi ma fasaha ne, kuma wannan ita ce maganar da nake faɗa a majalisa a yi ta min musu. Ka koma ka nemi wasan Inter Milan da Barcelona na 2010, zagaye na biyu na kusa da ƙarshe a Kofin Zakarun Turai. Inter ta ci 3 da 1 a gida, ta je Sifaniya aka ba Thiago Motta jan kati tun kafin a cika rabin awa, suka rage su goma a gaban Messi da Xavi, fiye da awa guda suna tarewa, har Samuel Eto'o da aka sani da cin ƙwallo ya koma yana aikin ɗan baya a gefe. Sai dab da tashi Pique ya ci ɗaya, kuma Inter ce ta wuce. Mutane da yawa har gobe suna cewa wai an ɓata ƙwallo a ranar. Ni kuwa na kalli wasan nan ya fi sau biyar kuma ina nuna wa yarana shi, don mutum goma su yi motsi kamar igiya ɗaya ta ɗaure su, wannan ya matsa wancan ya rufe, ba wanda hankalinsa ya tafi ko na ƙiftawar ido, wallahi ya fi yanka wuya. Yanka baiwa ce ta mutum ɗaya, wannan kuwa sai an yarda da juna.

Bari in ba ka na kusa. Wata shekara na busa wasan ƙarshe na kofin unguwanni a filin wata firamare, fili ba ciyawa sai ƙura, layi da toka aka ja shi, raga kuma an ɗaure ta da igiyar buhu a inda ta yage. Ɗaya ƙungiyar tana da wani ɗan gaba da duk garin ake tsoro, ɗayar kuma 'yan bayanta wani siririn yaro ne yake jan su, takalminsa na dama ya buɗe baki ya naɗe shi da salatif. Ni ina tsakiya ina ganin abin da 'yan kallo da yawa ba sa gani, yaron nan ba ya kallon ƙwallo, ƙugun ɗan gaban yake kallo, kuma duk lokacin da za a ba da ita sai ya ja taku biyu baya tun kafin a buga, ko ya ɗaga hannu su fito gaba ɗaya a bar mutumin cikin satar gida. Minti casa'in bai yi keta ko ɗaya ba. Wajen minti na 80 filin ya yi tsit har ina jin numfashin 'yan wasa, mai rake ya ajiye wuƙarsa ya bar baro ya matso bakin layi, mata suna leƙowa ta saman katanga. Aka tashi babu ci, aka je bugun daga kai sai gola. In ka tambaye ni wasanni goma da suka fi zama a raina, wannan yana ciki, kuma ba a ci ko ɗaya ba.

Amma kar ka ɗauka duk canjaras haka yake. Akwai babu ci na tsoro, kowa ya koma gida ya zauna, gola yana kwanciya kan ƙwallo kamar an ba shi ajiya, ɗan wasa a taɓa shi kaɗan ya yi ta birgima. Ko a Turai in ka cire lokacin jifa da faɗuwa da canji, ƙwallon ba ta cika yin sama da minti 55 zuwa 60 tana yawo ba cikin casa'in ɗin. Irin wannan kam ɓata wa mutane lokaci ne, kuma in shi abokanka suke nufi to sun yi gaskiya. Bambancin shi ne, ana neman cin an kasa ne, ko kuwa ba a nema.

Abin da talabijin ba ta nunawa

Kyamara ƙwallo take bi, ita kuwa ƙwallo ɗaya ce, mutane 22 ne. Ɗan wasa in aka haɗa duk lokacin da take ƙafarsa a wasa guda da ƙyar ya kai minti uku, sauran tamanin da wani abu duk gudu ne da tsayuwa da jan abokin hamayya zuwa inda ba ya so, kuma yawancin wannan ba ya shiga allo. A fili ne za ka ga ɗan gefe ya yi gudun mita arba'in sau uku ba a ba shi ba, a na huɗu ɗan bayan ya gaji ya ƙyale shi, sai a ci, a gidan kallo kuma a ce wai mai tsaron baya ne ya yi barci. A fili ne za ka ji gola yana tsawa yana shirya mutanensa, ka ga koci ya kira kyaftin ya raɗa masa magana wasan ya juya. Gani ya kori ji, kuma kallon allo rabinsa ji ne, tunda mai sharhi ne yake gaya maka abin da za ka gani.

Abin ma ya ƙara lalacewa yanzu da yara suka koma kallon guntayen bidiyo a waya. Minti uku, ƙwallaye huɗu, an sa kiɗa a ƙasa, shi ke nan wai ya kalli wasa. Ina ganin illar a wajen atisaye, yaro ya iya duk salon murnar cin ƙwallo, ya iya taka ta ya juya, amma ka ce ya tsaya inda zai karɓi fasin bai sani ba, don bai taɓa ganin abin da ya faru minti biyu kafin a ci ba. Kamar mutum ne a tsame masa nama daga miya kullum a ba shi, ba zai taɓa sanin yadda tuwo yake ba.

Kuma ka tuna 2020 lokacin korona, da aka riƙa buga Firimiya da La Liga fili ba kowa. 'Yan wasan su ne dai, ciyawar ita ce, kyamarorin su ne, amma kowa ya ce abin ba armashi, har sai da gidajen talabijin suka riƙa sa ihun ƙarya na rikoda. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa 'yan kallo suna cikin wasan, kai da kake zuwa filin Pantami kana cikin abin da ake kallo. Mu nan Bauchi mun ɗanɗana, filin Abubakar Tafawa Balewa ya karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20 a 1999 da ta 'yan ƙasa da 17 a 2009. Cikin samarin da suka zo Najeriya a 1999 akwai Xavi da Casillas da Ronaldinho, lokacin yawancinmu ba mu san sunayensu ba, amma mutane suka cika filaye. Wato ba suna ake kallo ba, suna daga baya yake zuwa.

Sai maganar abin ya dame ka. Ban hana kowa son Arsenal ko Madrid ba, ni ma ina da wadda nake so a can, kuma na san soyayyar gaskiya ce, na ga wanda ya ƙi cin abinci don an cire su. Amma ranar da Wikki Tourists, kulob ɗinmu na Bauchi, ta ɗauki Kofin Ƙalubale na ƙasa a 1998, bayan ta doke Plateau United a bugun fenariti, abin da ya faru a garin nan daban ne. Wanda bai taɓa kallon ƙwallo ba ma ya fito, saboda sunan garinsa aka kira. 'Yan wasan kana haɗuwa da su a masallaci, kana ganinsu wajen mai masa da safe, in ɗaya ya ɓarar da ƙwallo ranar Lahadi to ranar Litinin sai ya bi ta Wunti an tare shi an tambaye shi dalili. Liverpool ba ta san da zamanka ba, in ka daina sonta yau ba abin da zai ragu. Kulob ɗin garinku kuwa in ku dubu biyu kuka daina zuwa, ya mutu.

Inda abokanka suke da gaskiya

Yanzu kuma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. In ana maganar iya taɓa ƙwallo, saurin tunani, kyawun fili, ƙarfin jiki, to Firimiya ta yi mana nisa, ba ma kusa ba, kuma duk wanda ya ce maka ba haka ba ne son zuciya ne. Filin da ƙwallo take tsalle kafin ta iso ka ba ya barin a yi fasin ƙasa guda biyar a jere, ɗan wasan da yake bin albashin wata uku kuma ya kwana a mota a hanya ba zai yi maka abin da wanda ya sauka daga jirgi zai yi ba. Wannan duk ana iya jurewa. Abin da ba a iya jurewa shi ne cutar da ta daɗe tana cin ƙwallonmu, wato dole mai gida ya ci.

Na taɓa zuwa busa wasa wani gari, ba zan faɗi sunansa ba, tun ina canza kaya wani mutum ya shigo ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi iyali, sannan ya ce Malam ka ga dai ƙofar fita ɗaya ce. Ya juya ya tafi. Aka yi wasa baƙi suka riƙe, minti na 88 ɗan gaban masu gida ya shiga da'ira ya zube ba wanda ya taɓa shi, ina tsaye bai fi taku goma ba, na ce a ci gaba. Abin da ya biyo baya, sai bayan isha'i muka bar filin a bayan motar jami'an tsaro, mataimakina guda da kumburarren ido. A hanyar dawowa abin da yake cina ba tsoron ba ne, tunanin mutanen da suka biya kuɗin ƙofa nake yi, don da na busa fenaritin nan da na sayar musu da wasan da an riga an rubuta ƙarshensa, kuma da sun yi murna sun tafi gida ba su san an cuce su ba. Duk lig ɗin da baƙo ba ya iya cin wasa a waje ya kashe abu na farko da na faɗa maka, rashin sanin ƙarshe. Shi ya kori mutane da yawa zuwa gidan kallo, ba wai turanci ko ƙyale-ƙyale ba, a can dai in ƙaramin kulob ya je gidan babba yana iya cinye shi ya fita lafiya.

A 'yan shekarun nan na ga sauƙi, ana samun cin waje fiye da da, musamman wasannin da ake haskawa kai tsaye, don alƙali in ya san ana ganinsa ƙafarsa takan tsaya. Kuma akwai wani abu da lig ɗinmu ya fi wasu na Turai, ba ka isa ka faɗi zakara tun farkon kaka ba. Plateau United a 2017, Enyimba a 2019, Akwa United a 2021, Rivers United a 2022, Enyimba kuma a 2023, Rangers a 2024, Remo Stars a 2025. Ka kwatanta da Jamus inda Bayern Munich ta ɗauka sau 11 a jere daga 2013 zuwa 2023, ko Ingilar ma da Manchester City ta yi huɗu a jere. Me ya sa har yau ake maganar Leicester ta 2016? Don ba wanda ya zata ne.

Akwai kuma abin da yake cin gidan kallon shi kansa, wato caca. Kwanaki na zauna kusa da wani saurayi sanye da jesin kulob ɗinsa, kulob ɗin nasa ya ci ta uku kowa ya tashi yana ihu, shi kuwa ya dafe kai yana salati, ashe ya sa kuɗi ne a kan ba za a wuce biyu ba. Idonsa rabi a allo rabi a waya yana ƙirga kwana. Wannan yaron ƙarshen wasan ya dame shi ƙwarai, amma ba wasan yake kallo ba, kuɗinsa yake kallo, ko kaji aka saka suna tsere haka zai zauna. Bayan haramcin da muka sani a addini, tana kashe son wasan ne gaba ɗaya, na ga yaran da in ba su sa kuɗi ba ba sa iya zaman minti goma. Musun Messi da Ronaldo ma da ake kwana ana yi, ni ban ɗauke shi maganar ƙwallo ba, ƙirga ce kawai, kuma ya hana mutane ganin sauran ashirin ɗin da suke fili.

Gidan dambe

In kana son ka ga abin da nake nufi tsantsarsa ba gauraye, ka je gidan dambe. Na san wasu 'yan boko suna yi masa kallon raini, ni kuwa a wajena yana cikin wasannin da suka fi cancantar kallo a ƙasar nan. Mutum biyu, hannu ɗaya an naɗe shi da ƙyalle da zare shi ne na duka, ɗayan a buɗe yana karewa yana auna nisa, turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Babu maki da za a tara a ɓoye a baya, babu jan lokaci. Kuma mafi yawan turmin ba duka ake yi ba, tsayuwa ce, an ware ƙafa an sunkuya, ana kallon-kallo, wannan ya ɗan motsa kafaɗa wancan ya ja da baya, kalangu yana ta zuba, maroƙi yana kiran sunan ubangidan ɗan damben da garinsu da waɗanda ya taɓa kashewa. Sai ka ga 'yan kallo sun daina numfashi. Wani lokacin a yi turmi uku cur babu kisa a raba su, kuma ba wanda zai ce a mayar masa da kuɗinsa. Ka ga wannan ai shi ne canjaras ɗin da kake magana, kakanninmu sun san daɗinsa tun kafin a kawo mana tamaula. Ga kuma abu na biyu, ɗan dambe ba shi kaɗai yake shiga ba, Kudu ce ko Arewa ko Guramaɗa ta shiga, shagon wane ne, autan wane ne, in ya faɗi jama'a guda ce ta faɗi. Illarsa dai a fili take, duka ne a kai, kuma ina so a ce kowane gidan dambe akwai ma'aikacin lafiya a gefe kuma ana haɗa mutane daidai nauyinsu.

Haka wasannin mata, da yawa a majalisunmu ba sa ko son a ɗauko zancen. A wasan ƙarshe na kofin Afirka na mata a 2025 a Rabat, Maroko tana gaban Super Falcons da 2 da nema a gidanta kafin hutu, aka dawo Najeriya ta ci 3 ta ɗauki kofi na goma. Wanda ya kalli gasar Olamfik ta Atlanta 96, lokacin da Brazil take gabanmu 3 da 1 muka dawo Kanu ya ƙarasa su 4 da 3, ya san irin wannan bugun zuciyar, iri ɗaya ne sak. Kowa yana da damar ya zaɓi abin da zai kalla bisa tarbiyyarsa da fahimtarsa, ban ja da wannan ba, amma a ce wai babu gasa a ciki, wannan kam ba gaskiya ba ne.

VAR kuwa, wato bidiyon da ake sake dubawa don taimaka wa alƙalin wasa, a matsayina na wanda ya sha zagi kan kuskuren da ido ɗaya ba zai iya kaucewa ba, na san amfaninta. Amma tunda aka kawo ta gasar duniya a 2018 da Firimiya a 2019 ta taɓa wani abu mai tsada, an ci ƙwallo mutum yana son ya yi tsalle sai ya tsaya yana jiran a gama ja wa yatsan ƙafa layi. Murnar da aka jinkirta minti uku ba ta dawowa yadda take. Da ni ne da an bar ta ga kuskuren da kowa ya gani ƙuru-ƙuru kawai.

Duk wannan da na faɗa maka idon alƙalin wasa ne da mai horarwa, mutumin da aikinsa ya koya masa kallon inda ƙwallo ba ta nan, don haka dole ra'ayina ya karkata can. Wanda ya wuni a kasuwa ko a kan babur ya zo da daddare yana son ya ga yanka da ƙwallaye ya manta gajiyarsa, bai yi laifi ba, kuma ba zan ce masa bai san ƙwallo ba kamar yadda aka ce maka. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da ban yarda da shi ba kawai shi ne a kira mai zuwa filin garinsu baƙauye.

Kar ka tsaya musu da su a gidan kallo, ba a cin wannan musun da baki. Wasan gida na gaba ka ɗauki mutum biyu daga cikinsu, wanda ya ce ba ka san ƙwallo ba lallai ya kasance a ciki, ka biya musu kuɗin ƙofa. Ku je da wuri ku samu sama daidai layin tsakiya, kar ku zauna bayan raga. Ka ce musu minti goma sha biyar na farko kar su bi ƙwallo da ido, su zaɓi ɗan tsakiya mai tare gaban 'yan baya, mai lamba 6 galibi, su bi shi shi kaɗai, su ƙirga sau nawa yake waiwayawa kafin ƙwallo ta iso shi, da inda yake tsayawa in ƙungiyarsa ta kai hari. Bayan nan su koma kan 'yan baya huɗun su ga ko layinsu yana tafiya tare. Wayoyi kuma a aljihu har a busa hutu. In Allah ya kawo ka Bauchi ranar da Wikki take gida ka yi min magana mu je tare, ina zama ɓangaren da inuwa take fara sauka bayan la'asar.